Tambayoyin Masu Karatu: Kirista, Kakin Soja da Maganar Kare Kai

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan, guda uku sun taru a kan magana ɗaya, ko da yake masu su ba su san juna ba, ɗaya daga cikinsu ma ba Kirista ba ne. Na ga ya fi kyau in haɗa su wuri guda, domin amsar kowace tana jingine da ta 'yar'uwarta. Na taƙaita wasiƙun, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA TA FARKO

Baba, ina gaishe ka da aiki. Ni gwauruwa ce, ina zaune a Badawa. Ɗana na fari ya gama sakandare shekara uku ke nan babu aikin yi, yanzu ya cike takardar shiga soja, yana jiran a kira shi Zariya. Wata 'yar'uwa a zumuntar mata ta ce in hana shi, domin Dokoki Goma sun ce kada ka yi kisankai. Kawunsa kuma ya ce ai Dawuda ma mayaƙi ne. Ba na iya barci. Shin zunubi ne Kirista ya shiga soja?

Wata uwa, Badawa, Kano

AMSA

'Yata, Allah ya ba ki kwanciyar rai, ya kuma raya miki yaran. Zan fara da abin da ya hana ki barci. Mafi yawan ikkilisiyoyin duniya, haɗe da manyan da muke da su a nan Kano, irin su Katolika, Angalika, ECWA da Baftis, ba su ɗauki aikin soja a kan zunubi ba, ni ma ra'ayina ke nan. Amma 'yar'uwar da ta ba ki shawara ba daga iska ta ɗauko maganarta ba, tana da magabata a tarihin ikkilisiya, kuma ya dace ki ji hujjar kowane ɓangare kafin ki sa wa yaron albarka.

Dokar da ke cikin Fitowa 20:13 kisankai ta hana, wato mutum ya ɗauke ran ɗan'uwansa ba bisa hakki ba, shi ya sa Attaurar da ta kawo wannan doka ita ce kuma ta tsara yadda ake fita yaƙi da yadda alƙali ke yanke hukunci. A Sabon Alkawari kuwa, wurin da ya fi kusa da tambayarki shi ne Luka 3:14, inda sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi. Ga dama ta samu da zai ce su tuɓe kaki su koma gona, amma abin da ya gaya musu shi ne kada su yi wa kowa ƙwace, kada su yi wa kowa ƙazafi, su kuma dangana da albashinsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shingen bincike a kan manyan hanyoyinmu da dare ya san cewa har gobe wannan gargaɗi yana da masu bukatarsa. Ubangiji Yesu da kansa ya yabi bangaskiyar wani jarumin Roma a Kafarnahum, wato hafsan da ke riƙe da soja ɗari, har ya ce bai ga irinta ba ko a cikin Isra'ila. Haka kuma Karniliyas na Kaisariya, wanda labarinsa ke cikin Ayyukan Manzanni sura 10, hafsan soja ne, an yi masa baftisma tare da mutanen gidansa, kuma ba a rubuta ko'ina cewa Bitrus ya ce masa ya ajiye aiki ba.

Duk da haka, a cikin shekaru ɗari uku na farko, malaman ikkilisiya da dama sun ƙi yarda mai bi ya shiga rundunar Roma. Tatuliyan, mutumin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta a wajajen shekara ta 200 cewa da Ubangiji ya karɓe takobi daga hannun Bitrus, ya kwance ɗamarar kowane soja ke nan. Abu biyu ne suka haɗu suka dame su, zub da jini da bautar gumaka, domin sojan Roma sai ya yi wa Kaisar rantsuwa, ya halarci hadayun runduna, ya kuma yi gadin ɗakunan tsafi. A shekara ta 295, a garin Tebessa da ke Aljeriya ta yau, an kawo wani saurayi mai shekara 21 mai suna Maksimiliyan domin a auna tsayinsa a sa shi soja. Ya ce shi Kirista ne, ba zai yi ba. Gwamna ya tuna masa cewa akwai Kiristoci a cikin dakarun da ke tsaron sarakunan Roma, sai ya amsa cewa su ne suka san abin da ya dace da su, shi dai ba zai iya ba. A ranar aka sare kansa. Ki lura da abu biyu a labarin nan: tun a wancan zamani akwai masu bi a cikin kaki, kuma yaron bai tsine musu ba, lamirinsa kawai ya bi.

Bayan Sarki Konstantin ya ba Kiristoci 'yancin yin addini a shekara ta 313, sai tambayar ta sake kama, domin yanzu masu bi ne ke riƙe da mulki, kuma su ne za a tambaya in mahara suka ƙone gari. Agustin, bishof na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya rubuta wa wani kwamandan Roma mai suna Bonifas wasiƙa yana gaya masa kada ya ɗauka cewa mai kaki ba zai iya faranta wa Allah rai ba, sai dai zuciyarsa ta kasance salama take nema, yaƙi kuwa tilas ce kawai ta kawo shi. Agustin bai yi wannan magana daga inuwa ba, domin ya rasu a shekara ta 430 mayaƙan Bandal suna kewaye da garinsa. Matin Luta ma ya rubuta ɗan littafi a 1526 domin amsa wa wani hafsa irin tambayarki, ya ce aikin soja halal ne kamar aikin alƙali, mai riƙe da aikin ne kan lalata shi.

Kawun yaron kuwa rabin labarin Dawuda ya ba ki. Gaskiya ne Dawuda mayaƙi ne, amma a cikin 1 Tarihi 22:8 Allah ya hana shi gina Haikali saboda yawan jinin da ya zubar, aka bar aikin ga ɗansa Sulemanu. A ƙarni na huɗu, Basil na Kaisariyar Kafadokiya ya ba da shawarar cewa sojan da ya kashe mutum a fagen fama, ko da ba a lissafa shi cikin masu kisankai ba, ya dakata da cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke tarayya a kai a coci, har shekara uku. Ina ganin hikima mai zurfi a nan, domin na zauna da yaranmu da suka dawo daga Arewa maso Gabas, na ga wanda ba ya iya zama in an rufe ƙofar ɗaki, na ga wanda ƙarar faɗuwar kwano ke sa shi zabura. Jini ko da na halal ne yana barin tabo, ikkilisiyar da ta yi wa yaro addu'ar tafiya kuwa wajibi ne ta tanadi mai zama da shi in ya dawo.

Saboda haka ki zaunar da ɗanki ki tambaye shi dalilinsa. A Nijeriya ba a tilasta wa kowa shiga soja, don haka zaɓinsa ne, alhakin kuma nasa ne. In rashin aiki ne kaɗai ya kora shi, ki gaya masa cewa albashi ba ya isa ya riƙe mutum a ranar da wuta ta buɗe. In kuwa yana da zuciyar tsare marasa ƙarfi, to ki sake shi da albarka. Ki sanar da shi cewa rundunar tana da sassan asibiti, injiniyoyi da sadarwa, ko da yake kowa sai ya koyi riƙe bindiga a Zariya, kuma a barikoki akwai limaman Katolika da na Furotesta da na Musulunci, ya nemi nasa tun ranar farko. Abu mafi nauyi da za ki ɗora masa shi ne maganar manzanni a Ayyukan Manzanni 5:29, cewa wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutum. Ranar da aka umarce shi ya harbi wanda ya ɗaga hannu, ko ya cinna wa gidan talaka wuta, cewa "oga ne ya sa ni" ba za ta wanke shi ba, a gaban Allah ko a gaban dokar yaƙi.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, ni Musulmi ne, ina da shago a Kantin Kwari, abokan cinikina da yawa Kiristoci ne. Na ji ana cewa Annabi Isa, alaihis salam, ya hana mabiyansa faɗa kwata-kwata. In haka ne, me ya sa ƙasashen Turai suka yi ta yaƙe-yaƙe ba iyaka? Akwai kuwa Kiristocin da suka riƙe wannan koyarwa da gaske? Ba don gardama na tambaya ba.

Wani ɗan kasuwa, Fagge, Kano

AMSA

Alhaji, na gode da tambayar da kuma ladabin da ka yi ta da shi, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ba zan rufe maka abin da tarihi ya buɗe ba. Yaƙe-yaƙen da aka fara bayan kiran Paparoma Urban na Biyu a shekara ta 1095 sun kai ga kisan Musulmi da Yahudawa a Urushalima a 1099, a 1204 kuma mayaƙan nan suka wawashe birnin Konstantinoful, wanda mazaunansa Kiristoci ne. Daga 1618 zuwa 1648 Katolika da Furotesta suka yi ta kashe juna a ƙasar Jamus har garuruwa suka zama kufai. Waɗannan abubuwa abin kunya ne a gare mu, ba kuwa za su tsallake ma'aunin da malamanmu da kansu suka kafa ba. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ce yaƙi ba ya halatta sai hukuma ta halal ce ta yi shelarsa, da dalili na adalci, da kuma niyya mai kyau. Na bayansa suka ƙara da cewa sai an gwada dukan hanyoyin sulhu sun ci tura, sai ɓarnar yaƙin ba za ta fi ɓarnar da ake son hanawa ba, kuma ba a taɓa wanda bai ɗauki makami ba. Sarakuna da yawa sun ari sunan wannan koyarwa suka yar da sharuɗɗanta.

Waɗanda suka ƙi makami ɗungurungum kuwa suna nan, ba su da yawa amma ba su taɓa ƙarewa ba. Akwai Menonawa, waɗanda magabatansu suka rubuta a 1527 cewa takobi ba na almajirin Almasihu ba ne, akwai Kwekawa na Ingila, waɗanda ƙungiyoyinsu na agaji suka sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 1947, akwai kuma Shaidun Jehobah, da ake ɗaurewa a ƙasashe da dama saboda ƙin aikin soja. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Dirk Willems, mutumin Holan, wanda ya tsere daga kurkuku a 1569 ya bi ta kan tafkin da ya daskare. Mai bin sa ya rufta cikin ruwan ƙanƙara yana ihu, sai Dirk ya juyo ya ciro shi, aka sake kama shi a wurin, aka ƙone shi da ransa.

Ba sai ka je Turai ba ma, Alhaji. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ake kira EYN, ta samo asali ne daga ɗaya daga cikin ikkilisiyoyin nan masu ƙin yaƙi, ta fara aiki a Garkida a 1923, mabiyanta kuwa sun fi yawa a kudancin Borno da arewacin Adamawa, daidai inda wutar Boko Haram ta fi ci. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a watan Afrilun 2014 'ya'yanta ne, a watan Oktoba na shekarar kuma aka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi. Da wannan duka, shugabanninta ba su yi kiran ramuwa ba, agajin da suka raba wa 'yan gudun hijira kuwa ya kai ga Musulmi ma. Ni ban bi su har ƙarshen ra'ayinsu ba, kamar yadda za ka gani a amsa ta gaba, amma ba na yarda a kira su matsorata a gabana.

TAMBAYA TA UKU

Baba, mu matasa ne a Sabon Gari. Iyayenmu sun ba mu labarin rikicin Kano na 1991 da na 2004, mu kuma muna yara muka ga abin da bam ya yi a tashar New Road. Kullum a coci ana ce mana mu juya ɗaya kuncin. Mun juya na dama, mun juya na hagu, ba mu da na uku. Muna so mu kafa ƙungiyar tsaron layinmu, wasu ma suna cewa a yi karo-karo a sayi makami. Shin Kirista ba shi da ikon kare kansa ne?

Wani matashi, Sabon Gari, Kano

AMSA

Ɗana, na daɗe ina jin maganar kunci na uku a bakin mutanenmu na Arewa, kuma ba na raina ta, domin daga bakin waɗanda suka binne nasu take fitowa. Amma bari mu koma ga ayar da kanta, Matiyu 5:39, mu ga abin da ta faɗa. Mari aka ambata, a kuncin dama. Mai amfani da hannun dama ba ya samun kuncin dama na wanda ke fuskantarsa sai da bayan hannu, Bahaushe kuwa ba ya bukatar a fassara masa cewa mari cin mutunci ne, ba yunƙurin kisa ba. Ayar da ta gabace ta tana maganar ido maimakon ido da haƙori maimakon haƙori, wanda ma'auni ne da aka ba alƙali don kada hukunci ya wuce laifi, mutane kuma suka mai da shi lasisin rama wa kansu. Abin da Ubangiji ya tumɓuke a nan shi ne ramuwa. Shi kansa da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, a Yahaya 18:23, bai rama ba, bai kuma yi shiru ba, ya ce in ya faɗi mugun abu a kawo shaida, in kuwa daidai ya faɗa, don me aka mare shi.

Na san ayar da abokanka masu son sayen makami za su kawo, wato Luka 22:36, inda Yesu ya ce wanda ba shi da takobi ya sayar da mayafinsa ya saya. Su ƙarasa karatun surar. Almajiran suka nuna takuba biyu, ya ce ya isa, takobi biyu kuwa ba ya tsare mutum goma sha biyu. A daren nan Bitrus ya zaro ɗaya ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, sai Yesu ya ce ya mai da takobinsa kube, domin duk wanda ya ɗauki takobi, takobi ne ajalinsa, ya kuma taɓa kunnen ya warkar. Wannan aya ba ta isa a gina rumbun makamai a kanta ba.

Hujjar kare rai tana wasu wurare ne. Fitowa 22:2-3 ta ce in an kama ɓarawo yana fasa gida da dare aka buge shi ya mutu, babu alhakin jini a kan maigidan, amma in rana ta riga ta fito, akwai alhaki. Dubi yadda dokar ta bambance. Cikin duhu ba ka san abin da ya zo da shi ba, ba ka da mai kawo maka ɗauki, da rana kuwa kana ganin sa, maƙwabta suna jin kiranka, saboda haka ran ɓarawon ma yana da daraja a gaban Allah. Nehemiya ya sa masu ginin garun Urushalima suna aiki da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da makami, amma ba su fita sun kai wa ƙauyukan maƙiyansu hari ba, garu suka gina. Karin Magana 24:11 ta ce a ceci waɗanda ake ja zuwa mutuwa. A kan irin wannan ne Katakizim, littafin koyarwar Katolika, a sakin layi na 2265, ya ce kare rai yakan zama wajibi mai nauyi a kan wanda rayukan wasu ke hannunsa. Kana da ikon ka sadaukar da kuncinka, har da ranka in Allah ya ba ka wannan ƙarfin, amma ban ga inda aka ba ka ikon sadaukar da ran ƙanwarka ko na tsohuwar da ke maƙwabtaka da kai ba. A nan ne na rabu da 'yan'uwanmu masu ƙin makami ɗungurungum.

Sai dai ka duba yadda Manzo Bulus ya tsare ransa, shi da aka fi kowa farauta. A Dimashƙu cikin kwando aka zurara shi ta bayan garu ya tsere, Ubangiji ma ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. Da za a yi masa bulala a Urushalima, sai ya kawo hakkinsa na ɗan ƙasar Roma. Da mutum fiye da 40 suka yi rantsuwa ba za su ci ba, ba za su sha ba, sai sun kashe shi, ɗan 'yar'uwarsa ya ji, Bulus ya aika shi wurin kwamanda, kwamandan kuma ya fitar da shi da dare da rakiyar dakaru 470. Bulus bai tara matasan ikkilisiya ya raba musu wuƙaƙe ba. Shi ne kuma ya rubuta a Romawa 12:19 cewa kada ku rama, ramuwa ta Allah ce, sa'an nan bayan 'yan ayoyi ya ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. Na san amsarka, cewa sau da yawa hukumar ba ta zuwa sai an gama ɓarna, kuma gaskiyarka ce. Maganin wannan shi ne dattawanmu da shugabannin CAN, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, su riƙa ƙwanƙwasa ƙofar hukuma tun ana zaune lafiya, ku kuma ku tsare ƙofarku kafin ta iso, iyakar abin da doka ta yarda.

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya amince da kare mutum daga harin da ba bisa doka ba, dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa kuma ta ba da ikon kare kai, amma da sharaɗin kada ka yi ɓarnar da ta wuce bukatar tsira, kuma ikon ba ya nan in akwai lokacin neman hukuma. Wanda ya juya baya yana gudu ya daina zama barazana, in ka bi shi ka sare shi, kisankai ka yi. Riƙe bindiga ba lasisi laifi ne mai kai mutum kurkuku, saboda haka maganar karo-karon nan ku binne ta. Bindigar da aka saya don ranar tarzoma ba ta jiran ranar tarzoma, faɗan budurwa ko rikicin kuɗin haya ne zai fara fito da ita. In za ku yi tsaro, ku je wurin mai unguwa da babban jami'in 'yan sanda na yankinku a rubuta sunayenku, ku sa dattijo a kanku, ku riƙe fitila da usur da lambobin waya, kada mai shaye-shaye ya shiga cikinku, wanda kuka kama kuma ku miƙa shi da ransa da lafiyarsa. Ku jawo Musulmin da ke layin cikin ƙungiyar, domin masu bam ɗin da suka kashe mutane a tashar New Road a watan Maris na 2013, irinsu ne suka kashe masallata fiye da 100 a Babban Masallacin Juma'a na cikin gari a ranar 28 ga Nuwamba, 2014. Ka kuma nemi labarin Fasto James Wuye na Kaduna, wanda ya jagoranci matasa masu irin tunaninku har ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, daga baya shi da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin nan, suka kafa cibiyar sulhu tare.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarka shi ne yadda kare kai ke rikiɗewa ya zama ramuwar gayya cikin ƙiftawar ido, mai yi bai ma sani ba, kuma da idona na gani. A watan Mayun 2004, da labarin kashe-kashen Yelwa ta jihar Filato ya iso Kano gari ya rikice, ina tsaye a bakin layinmu tare da matasa masu gora da adduna, kowa yana cewa gidajenmu muke tsaro, kuma da farko gaskiya ne. Can da hantsi aka shigo da gawar wani yaro daga wata unguwa, mata suka fasa kuka, sai ga mai ga-ruwan da ya shekara da shekaru yana kawo mana ruwa ya ɓullo daga lungu yana tura kurarsa, bai san abin da ake ciki ba. Nan take aka kewaye shi. Bai kashe kowa ba, bai san yaron ba, hannuwansa biyu suna kan kurar suna rawa, jarka ɗaya ta faɗi ruwan yana bin kwata. Ni da nake koyar da Littafi Mai Tsarki ran Lahadi, bakina ya yi nauyi, har yau kuwa ina roƙon gafarar wannan shiru. Wata tsohuwa ce 'yar zumuntar mata ta fito da zaninta a ɗaure a ƙirji, ta ratsa tsakiyar addunan, ta kama shi a wuyan hannu, ta ce wannan ɗanta ne, yana bin ta kuɗin jarka huɗu, duk mai son taɓa shi sai ya fara da ita. Ta kira yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayen iyayensu mata, har suka sunkuyar da kai. Kwana uku ya yi a ɗakinta a bayan buhunan masara kafin sojoji su raka shi Fagge, kurarsa kuwa tana jingine a ƙofar gidanta har ya dawo ya ɗauka bayan wata guda.